Hukuncin Zama Da Ƙarfi Cikin Abin Da Aka Sayar Don Bashi, Da Ƙaga Jinginar Ƙarya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ƙasa da abin da ke bisanta mallakarsa ne. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, karatunmu na wannan mako ya shafi laifuffuka guda biyu waɗanda galibi tare su ke tafiya. Na farko shi ne mutum ya ci bashi, ya jinginar da gidansa ko gonarsa, ajali ya yi bai biya ba, alƙali ya yanke hukunci aka sayar, sa'an nan ya ce ba inda za shi. Ko kuwa wani dabam ya ga gidan a rufe ba kowa, ya ɓalle kwaɗo ya tare abinsa. Na biyu shi ne a wayi gari wani ya fito da takarda yana cewa ai wannan gona tun tuni tana jingine a hannunsa, alhali kuwa bai taɓa ba da ko anini ba, nufinsa kawai ya hana ciniki, ko ya ci wani abu daga kuɗin. Abin da mu ke so mai karatu ya riƙe shi ne, zama da ƙarfi ba ya mai da mutum mai gida, takardar ƙarya kuma ba ta mai da shi mai bin bashi, ko da alƙalan duniya duka sun sa mata hannu.

ABIN DA YA SA BATUN YA SHAFE MU

Mutanen ƙasar Jahun da maƙwabtansu na bakin Kogin Haɗeja, tun daga Harbo zuwa Miga har Auyo, sun san darajar fadama. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma gama ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, noman rani da injin ban ruwa ya yawaita. Gonar da a dā a ke ba mutum aro don zumunci, yau ta zama jari, ana cin bashin taki da iri da man inji a kanta. Idan kuma ambaliya ta zo, kamar wadda aka gani a Jihar Jigawa a 2022, sai shinkafa ta nutse, bashi ya tsaya yana jiran mai shi, alamun iyaka su ɓace, mutane su bar gidajensu na ɗan lokaci. A irin wannan hali ne Shaiɗan ya ke samun ƙofa, ya ce da wannan kada ka tashi, ya ce da wancan ga gida ba kowa, ya ce da na ukunsu rubuta takarda wa zai gane.

JINGINA DA SHARUƊƊANTA

Jingina, wadda a ke kira rahanu da Larabci, halal ce. Allah Ya ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 283, bayan ayar da ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Ya tabbata cikin Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Saboda haka ba abin kunya ba ne mutum ya jinginar da kayansa.

Amma a mazhabar Imamu Malik jingina ba ta cika sai da hauzi, watau mai bin bashi ya karɓi abin ya riƙe, ko a danƙa shi ga wani amintacce. Shaihu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cikin Risala cewa shaida a kan wannan karɓa ba ta amfani sai idan shaidun da idonsu suka gani. Idan mai jinginarwa ya mutu, ko alƙali ya hukunta shi muflisi, alhali ba a yi hauzi ba, to jinginar ta ɓaci, mai ita ya koma sahu ɗaya da sauran masu bin bashi. Hikimar wannan a fili ta ke. Da a ce faɗar baki ta isa, da duk wanda bashi ya kewaye sai ya haɗa kai da ƙaninsa su ce gonar a jingine ta ke, sauran mutane su tashi a tutar babu. Don haka ne ma malamanmu suka ce wanda bashi ya cinye dukiyarsa ba a karɓar iƙirarinsa ga wanda a ke tuhumarsa da son fifita shi, kamar ɗa ko mata.

Sharaɗi na biyu, abin jingina ba ya zama mallakar mai bin bashi don kawai ajali ya wuce. Imamu Malik ya kawo hadisi a kan haka cikin Muwaɗɗa, ya kuma fassara shi da cewa idan aka yi sharaɗi wai in ba ka biya ran kaza ba gonar ta zama tawa, to wannan sharaɗi ɓatacce ne. Haka nan wanda ya ba da rance bai halatta ya riƙa nome gonar jingina yana cin amfaninta kyauta shekara da shekaru ba, domin rancen da ya jawo amfani riba ne. Wannan al'ada ta daɗe a ƙauyukanmu, amma daɗewarta ba ta wanke ta ba.

YADDA A KE SAYAR DA ABIN MUTUM DON BASHI

Idan ajali ya yi, sai a dubi halin wanda a ke bi. In matsattse ne wanda ba shi da komai, aya ta 280 ta Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya samu, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. In kuwa yana da abin biya ya ƙi, to hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci. A nan sai mai bin bashi ya kai ƙara, ya tabbatar da bashin da jinginar, alƙali ya umurci a biya, in an ƙi ya sayar. Sayyidina Umar ya yi haka da wani mutumin ƙabilar Juhaina mai suna Usaifi'u, wanda ya riƙa cin bashi yana sayen raƙuma masu tsada don ya riga alhazai isowa, har ya karye. Umar ya yi shela masu binsa su zo, ya raba musu dukiyarsa. Labarin yana cikin Muwaɗɗa.

Shari'a ba ta yarda a yi wannan ciniki da gaggawa ko a ɓoye ba. Shaihu Halil ya ambata cikin Muhtasar cewa a gaban muflisi a ke sayar da kayansa, ana jinkirta gida da gona kamar wata biyu don a sami mai saye da daraja, ana kuma bar masa abin ci da tufafin da ya saba da su, shi da iyalinsa. Abin da ya ragu bayan an biya bashi nasa ne, ba a tauye masa ko kwabo. Misali, idan bashin naira dubu ɗari takwas ne, aka sayar da gonar miliyan ɗaya, to dubu ɗari biyu haƙƙin mai gona ne. Mai bin bashin da ya tara matasa da gorori ya fitar da iyalin mutum waje ba tare da hukuncin alƙali ba, shi ma azzalumi ne, ko da bashinsa gaskiya ne.

WANDA YA ƘI TASHI

To, idan duk waɗannan sharuɗɗa sun cika, cinikin alƙali ya zartu, gida ko gona sun zama na wanda ya saya. Wanda ya ci gaba da zama da ƙarfi bayan haka, ko ya shiga ya tare ba da izini ba, sunansa mai ƙwace, watau gasibi. Ba ya fita daga wannan suna don a nan aka binne cibiyarsa, ko don kakansa ne ya sare dajin. Tausayi abu ne mai kyau, kuma an so wanda ya saya ya ba shi lokaci ya nemi wurin komawa, amma wannan alheri ne daga mai shi, ba a ƙwatarsa da ƙarfi.

Hukunce-hukuncen mai ƙwace a littattafanmu su ne kamar haka. Na ɗaya, wajibi ne ya mayar da abin. Na biyu, lamuni yana kansa, in ya rushe wani abu ko ya lalata sai ya biya. Na uku, ba shi da haƙƙi cikin galla, saboda haka zai biya kuɗin hayar kwanakin da ya zauna, ko ya mayar da abin da ya karɓa in haya ya bayar. Na huɗu, in ya yi gini ko ya dasa itatuwa, ana umurtarsa ya cire, sai fa in mai ƙasa ya zaɓi ya riƙe su ya biya shi kimar ɓaraguzai bayan an fitar da ladan mai rushewa. In shuka ya yi, kuma lokacin shuka bai wuce ba, mai gona yana da ikon ya sa a tuge. In lokacin ya wuce, sai a bar shi ya girbe ya biya hayar shekara. Na biyar, alƙali zai ladabtar da shi da ɗauri ko bulala gwargwadon ijtihadinsa, ko da mai haƙƙi ya yafe, domin a tsare jama'a daga ɓarna. Wannan shi a ke kira ta'aziri. Ba a yanke hannun mai ƙwace, domin ƙwace ba sata ba ce a ma'anar shari'a, amma wannan bai rage masa komai daga nauyin Lahira ba.

Akwai masu fakewa da mas'alar hauzin shekara goma, suna cewa ai wanda ya daɗe a wuri ya zama nasa. Lalle Risala ta ambaci cewa wanda ya riƙe gida shekara goma ana jingina shi gare shi, mai da'awa kuwa yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba, to ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Amma wannan ƙa'ida ce ta rufe ƙofar tsofaffin rigingimu inda ba a san asalin shigar mutum ba. Wanda aka san ta hanyar aro, ko haya, ko jingina, ko ƙwace ya shiga, daɗewa ba ta amfaninsa ko shekara nawa ya yi. Haka wanda ambaliya ta kora daga gidansa ba a ce ya yi shiru, domin uzurinsa a bayyane ya ke.

TAKARDAR ƘARYA DA SHAIDAR ZUR

Laifi na biyu ya fi na farko muni, domin mai ƙwace shi kaɗai ya ke ɗaukar zunubinsa, amma mai jinginar ƙarya sai ya jawo marubuci, da shaidu biyu, wani lokaci har da mai hatimi, duk su faɗa rami ɗaya. Aya ta 188 ta Baƙara ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta kuma ambaci masu kai maganar gaban mahukunta don su ci wani yanki na dukiyar mutane suna sane. Aya ta 30 ta Suratul Hajji ta gwama hani ga ƙazantar gumaka da hani ga maganar zur. Sahabi Abu Bakrata ya ba da labarin ranar da Manzon Allah ya ke lissafa mafiya girman zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Kada wani ya ce ai kotu ce ta ba ni. Uwar Muminai Ummu Salama ta ruwaito cewa Annabi ya gargaɗi masu jayayya da cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, wani kuma ya fi wani iya tsara hujja, saboda haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa ya sani guntun wuta aka yanka masa. Idan hukuncin Manzon Allah bai halatta haram ga maƙaryaci ba, ina ga hukuncin waninsa?

A duba abin da ya faru tsakanin Sa'idu ɗan Zaidu, ɗaya daga goman da aka yi wa bushara da Aljanna, da wata mata Arwa 'yar Uwaisu. Ta kai ƙararsa wurin Marwanu ɗan Hakamu, gwamnan Madina, wai ya ci mata ƙasa. Sa'idu ya ce yaya zai yi haka bayan ya ji daga Annabi cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Sa'an nan ya roƙi Allah, in ƙarya ta ke yi, Ya makantar da ita, Ya kashe ta cikin ƙasar tata. Muslim ya ruwaito cewa ba ta mutu ba sai da ta makance, tana cikin tafiya a wannan fili ta faɗa rami ta mutu. Malaman tarihi sun ƙara da cewa ruwa ya yi ambaliya a kwarin, ya tone tsohuwar iyaka, gaskiyar Sa'idu ta fito. Mu mazauna bakin kogi ya kamata mu fi kowa jin wannan labari. Ruwan da ya ke shafe iyaka yana iya tone ta. Muslim ya kuma ruwaito daga Sayyidina Ali cewa wanda ya sauya alamun iyakar ƙasa la'ananne ne.

Game da hukuncin duniya, malaman Malikiyya sun ce mai shaidar zur ana yi masa ta'aziri a bainar jama'a, a yi shela a san shi, kuma ba a sāke karɓar shaidarsa. In ya janye bayan an yanke hukunci, ya yi iƙirari ƙarya ya yi, to zai biya abin da shaidarsa ta salwantar. Shaihu Halil ya ƙara da cewa wanda ya yi wa mutumin kirki da'awar ƙwace ta ƙarya, shi ma ana ladabtar da shi kamar mai ƙwacen.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka daga Gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar Gwamna, sashe na 21 kuma ya nemi amincewar ƙaramar hukuma ga ƙasar da a ke riƙe da ita bisa al'ada. A 1989 Kotun Ƙoli ta ɓata wata jinginar banki a shari'ar Savannah Bank da Ajilo saboda rashin wannan yarda. Kundin laifuffuka na Jihar Arewa, watau Penal Code na 1959, wanda jihohi suka gāda, a yadda aka tsara shi tun asali ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga mai shiga ko zama cikin abin wani da nufin laifi ko tsoratarwa, a sashe na 342 da na 348. Ya kuma sa ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai shaidar ƙarya a kotu, a sashe na 158, haka ma mai ƙaga takardar jabu, a sashe na 364. Tun shekara ta 2000 kuma Jihar Jigawa ta shiga sahun jihohin da suka faɗaɗa aikin kotunan shari'ar Musulunci har ga laifuffuka.

Sauran ƙasashe ma wannan cuta ta dame su. A Amurka, lokacin da bankuna suka karɓe ɗimbin gidaje saboda rikicin bashin gidaje na 2008, an sami masu tarewa cikin gidajen da ba kowa, da masu shigar da takardun bashin ƙarya a ofisoshin rajista. A wannan shekara ce dokar tarayyarsu ta fara aiki wadda ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya yi rajistar irin wannan takarda a kan dukiyar alƙali ko ma'aikacin tarayya don ramuwa. A Ingila, daga watan Satumba na 2012, tarewa cikin gidan zama na wani ba da izini ba ya zama laifin ɗauri. Abin da su ke gyarawa da sababbin dokoki, malamanmu sun rubuta hukuncinsa tun ƙarnuka da dama.

WATA TAMBAYA

Mai tambaya zai ce, to idan bashin na ruwa ne, ko an zalunce ni wajen cinikin fa? Amsa ita ce, riba haramun ce ga mai ci da mai bayarwa, kuma aya ta 279 ta Baƙara ta tabbatar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa ba ƙari ba ragi. Wanda ya ga an zalunce shi yana da hanyoyi: ya ɗaukaka ƙara, ya nemi a dakatar da zartar da hukunci, ya nemi sulhu ta hannun dagaci ko hakimi ko malamai. Amma ba a wanke najasa da fitsari. Zaluncin da aka yi maka bai halatta maka ka sayi shaidu ba, bai kuma halatta maka ka cuci wanda ya saya da kuɗinsa na halal ba.

NASIHA

Ya ɗan'uwa, in za ka ba da bashi ko ka karɓa, ku rubuta, ku sa rana da adadi da ajali, ku kafa shaidu adilai waɗanda suka taka gonar da ƙafarsu suka ga iyakokinta huɗu. Ku sanar da mai unguwa da dagaci, ku nemi amincewar hukuma inda doka ta nema. Wanda zai sayi abin gwanjo ya bincika ya ga takardar hukunci da idonsa. Malamin da aka kawo wa takarda a ce ya rubuta da kwanan watan baya, ya ji tsoron Allah ya ajiye alƙalami. Mawadata kuma su tuna cewa aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka, saboda haka fansar gidan maƙwabci kafin a kai ga gwanjo aiki ne mai lada babba.

Wanda kuma ya riga ya afka cikin ɗayan laifuffukan nan, ƙofar tuba a buɗe ta ke, amma tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da istigfari kaɗai. Sai ya tashi daga gidan, ya yaga takardar, ya je gaban alƙali ya warware shaidarsa, ya biya abin da ya ci, ya nemi gafarar mai haƙƙi tun suna raye su biyun. In ya mutu bai yi ba, magada ba su halatta su raba abin da suka san na ƙwace ne.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin mutane, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon tsai da gaskiya. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.